Ganyen Magarya

A bayan gidanmu, can gabas da Ringim,
inda burtali ya rabu da hanyar rafi,
akwai wata magarya da ta girmi katangarmu.
Ba wanda ya shuka ta.
Iya Tabawa ta ce akuya ce ta kawo ta a ciki,
ta ajiye, ta wuce abinta.

A gindinta na koyi sunaye.
Wannan magarya ce, in ji Iya,
doguwar can ta bakin rijiya kurna,
amma ta jeji, mai ganye da sheƙi,
mai jajayen 'ya'ya kamar su kira ka,
magaryar kura ce, kada ka kuskura.
Na kuskura. Shekarata bakwai.
Ɗaci ya kwana a bakina,
Iya ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.
Ta ce, abin da aka bar wa kura
ai ba don ƙauna aka bar mata ba.

Wata damina malamin gona ya zo a kan babur,
ya buɗe littafi a inuwarta,
ya ce su ukun nan gida ɗaya suka fito,
ya karanto musu suna guda
wanda ya harɗe masa harshe.
Iya ba ta ɗago daga tsintar wake ba.
Ta ce, ni da Mantau ma ciki ɗaya muka fito,
je ka kasuwar Asabar ka tambaya
wa ake ba bashi a cikinmu.

Shekarar da gero ya bushe a tsaye
ita ce ta riƙe mu.
Kakkaɓa da sanda, tsinta a faifai,
shanya a kan rufin ɗaki,
sai daka, sai tankaɗe.
Garin ya yi ƙamshin wani abu da ba tuwo ba,
aka dunƙula, aka turara, muka ci,
ƙanina Ɗantani yana lasar tafin hannu.
Rassan kuma Baba ya sare ya yi shinge
ya tsare 'yar kukar da ta rage.

Ka duba ƙayarta da kyau, biyu-biyu take,
ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya.
Iya ta ce ta farko tana cewa tafi,
ta biyu tana cewa ina za ka?

Ranar da Malam Tsalha ya yi karatu a zaure
ya ambaci magaryar tuƙewa,
Iya ta aiko ni ta bayan zana
in tambaya ko ita ma tana da ƙaya.
Malam ya daɗe yana shafa gemu.
Ya ce in gaya mata Allah ne masani.

Laraba ce, bayan asuba.
Mata suka ɗora ruwa ba mai magana,
Gwaggo Delu ta leƙo ta ce,
a samo ganyen magarya.
Ni na tashi, da furfurata a gemu,
na bi hanyar da ƙafata ta sani.
Raɓa ba ta bushe ba.
Na tsinka, na tsinka, ban san iyakar da ake so ba,
ban taɓa tambayar ta wannan ba.

Da na juya zan tafi,
'yar lanƙwasasshiyar ta kama hannun rigata.
Ban fizge ba.
Na tsaya na kwance ta a hankali,
zare ɗaya bayan ɗaya,
ruwan yana can yana jira.

Da aka share ɗakin bayan kwana bakwai
an sami ƙwarya a ƙarƙashin gado,
busasshiyar magarya ce, rabi,
an rufe da faifai saboda ɓera.
Yara suka raba.
Ni ma na ɗauki guda uku.